D&D Beyond ko na waje? Amsa ga ɗan uwa mai shirin buɗe tebur

Ɗan uwa, ka ce ku biyar ne kuna son fara Dungeons & Dragons ta intanet, wasan nan da kowa ke zama jarumi a cikin labari ana jefa dayis, kai ne za ka zama DM mai jan wasan, kana tambaya ko dole sai da D&D Beyond tunda shi ne na kamfanin, ko Roll20 da Foundry da kake jin sunansu za su wadatar. To da farko dai ba aiki ɗaya suke yi ba, nan ne mutane ke rikicewa.

D&D Beyond ya fito a 2017, kuma asalinsa ma ba na Wizards of the Coast, kamfanin da ke da D&D, ba ne, sai a 2022 suka saye shi daga Fandom kan dala miliyan 146.3. Ƙarfinsa yana kan takardar jarumi. Ka zaɓi aji, wato irin jarumin, mayaƙi ko mai sihiri, ka zaɓi jinsi, shi zai yi maka duk lissafin, in jaruminka ya hau mataki ya nuna maka abin da ya ƙaru, sabon shiga ba zai sha wahalar buɗe littafi shafi-shafi ba. A nan kam babu wanda ya kamo ƙafarsa. Amma kyautarsa tana da iyaka, jarumai shida ne, kuma zaɓin da ke ciki na dokokin tushe ne kawai, in ɗaya daga cikinku yana son wani reshen aji da ke cikin littafi sai an saya. Sauƙin abin, in kai DM ka yi rajistar Master ta wata-wata, littattafan da aka saya suna buɗewa ga duk wanda ke cikin wasanka, ba sai kowa ya zuba kuɗi ba. Suna da taswira mai suna Maps, tana aiki daidai gwargwado, ba ta da zurfi.

Roll20 kuwa tebur ne. Tun 2012 yake, cikin burauza yake gudu, babu abin da za ka sauke, ka aika musu link su shigo, ga taswira ga dayis ga wurin hira. Kuma ba D&D kaɗai ba, wasu wasannin irinsa kamar Pathfinder da Call of Cthulhu da sauransu duk suna ciki. Abin da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne hasken nan da ke sa ɗan wasa ya ga iya abin da fitilar jaruminsa ta haska, sai ka biya wata-wata, sannan littafin da ka saya a D&D Beyond ba ya binka zuwa Roll20, sake saye za ka yi. Kai ko littafin takarda ma da ke hannunka haka ne. Wannan ka riƙe shi da kyau kafin ka danna saye a ko'ina.

Foundry VTT ni shi na fi so amma ba zan ɓoye maka halinsa ba. Ya fito a 2020, dala 50 ne sau ɗaya tak, kai kaɗai za ka saya sauran su shigo kyauta ta burauza. Bango yana tare gani, ƙofa tana buɗewa da dannawa, mai sihiri ya kunna haske ka ga ɗakin ya bayyana a gaban kowa a hankali, dodon da ke bayan ginshiƙi babu wanda ya gan shi sai wanda ya zagaya. Duk fayilolinka suna kan kwamfutarka. To amma fa kwamfutar taka ita ce saba, wato ita ke ɗauke da wasan, sai ka iya buɗe wa mutane hanya ta rauta, in intanet ɗinka ya yanke kowa ya tsaya cak, in ba ka son wannan ciwon kan sai ka biya masu ajiye shi irin su The Forge, ka ga an koma biyan wata-wata ke nan. Ga jarabar modul, ƙananan ƙare-ƙaren da ake saka masa, za ka zuba ashirin talatin, ranar da sabon sabuntawa ya zo rabinsu su daina aiki ana saura awa ɗaya a fara wasa. A waya kuma ba ya daɗi sam. In Pathfinder 2e za ku yi fa, magana ta ƙare, Foundry ne, dokokin suna ciki kyauta da lissafinsu, ka haɗa da Pathbuilder 2e na gina jarumi da Archives of Nethys, shafin dokokin wasan.

Akwai Owlbear Rodeo, taswira ce da ’yan hotunan jarumai da hazon rufe ɗaki, shi ke nan. Yana buɗewa a waya, ’yan wasa ba sa buƙatar rajista.

Me ya sa na waje na kyauta suke zama kamar da saura? Lasisi ne. Abin da aka yarda kowa ya ɗauka shi ne SRD, kundin dokokin tushe na D&D, wanda bayan rigimar OGL, tsohon lasisin wasan, a Janairun 2023 kamfanin ya sa shi ƙarƙashin lasisin kowa-da-kowa na Creative Commons, kuma reshe ɗaya kawai yake da shi a kowane aji. Duk shafin da ya ba ka komai da komai na D&D kyauta, ka san ba ta ƙofa ya shigo ba. Kuma kada ka ce na kamfani ne ba zai mutu ba, Sigil, teburinsu mai 3D, ya fito a 2025, ko wata guda ba a cika ba aka sallami mafi yawan masu gina shi.

Ku da kuke farawa, ga abin da zan yi: jarumai a D&D Beyond, taswira a Owlbear Rodeo, murya a manhajar hira ta Discord, ba ka kashe ko sisi ba. In kun fi son Roll20, masu kwamfuta su saka ƙarin nan mai suna Beyond20 a burauza, kana danna hari a takardarka ta Beyond dayis ɗin yana faɗawa cikin Roll20, yana aiki da Foundry ma. Ku yi wata biyu a haka, in ka ga mutanenka suna zuwa kan lokaci kuma duk suna da kwamfuta, sannan ka duba Foundry. Amma gaya min, su nawa ne da waya kaɗai za su shigo?