Abin da Madubin Hangen Nesa Mai Milimita 130 Ya Nuna Mini a Jikin Wata

Watanni biyar ke nan da na sayi madubin hangen nesa, irin wanda yake tattara haske da madubi mai faɗin milimita 130 a gindin bututunsa, kuma kusan duk aikin da na sa shi kallon wata ne daga tsakar gidanmu. Ya zo da gilasan leƙawa biyu, na milimita 25 mai ƙara girman abu sau 26, da na milimita 10 mai ƙarawa sau 65.

Na fara gwada shi a daren sha huɗu, ina zaton a lokacin ne za a fi ganin komai, sai hasken ya kashe mini ido, fuskar watan kuma ta fito a shafe babu tudu babu kwari, in ban da ramin Tycho da fararen layukan da suka fantsama daga gare shi. Dalili kuwa shi ne a wannan dare rana tana haska wata gaba da gaba, saboda haka babu inuwar da za ta fito da surar ƙasarsa.

Sai a daren takwas ga wata na gane darajar abin da na saya. A kan iyakar haske da duhu, inda rana take fitowa a can, tsaunukan Apenninus masu tsawon kusan kilomita 600 suka miƙe da inuwarsu baƙa ƙirin, ƙololuwar wasu tana walƙiya alhali gindinsu yana cikin dare. Na fi daɗewa a kan ramin Arzachel, mai faɗin kusan kilomita 97 da tsauni a tsakiyarsa, kuma ya ƙara mini armashi da na san sunan Al-Zarƙali ne, masanin taurari na Andalus, kamar yadda ramin Albategnius da ke kusa da shi yake ɗauke da sunan Al-Battani, shi ma masanin taurari. Bayan kwana biyu ramin Copernicus ya bayyana, bangonsa hawa-hawa tamkar matattakala.

Inda na'urar ta gaza shi ne ƙafafunta, waɗanda suke rawa da zarar an taɓa maɓallin daidaita gani, har sai da na rataya musu jakar yashi kafin suka natsu. Hoton yana zuwa a kife, kuma da gilashin milimita 10 wata yana sulalewa daga gani cikin minti uku saboda juyawar duniya, don haka dole a riƙa bin sa da hannu. Ƙurar hunturu ma tana sauka a kan madubin idan aka bar bututun a buɗe.

Yara sun matsa mini sai na nuna musu tutar da 'yan sama-jannatin Amurka suka kafa a 1969. Na nuna musu shimfiɗaɗɗen filin da kumbonsu Apollo 11 ya sauka, amma na gaya musu cewa daga nisan kilomita 384,400 wannan madubi ba ya bambance abin da bai kai faɗin kilomita biyu ba.