Kitso a Aboabo ko salun mai ƙofar gilas a Adum: ina za a kai yarinya koyon aiki?

Hajiya, kin ce wurare biyu a Kumasi sun yarda su ɗauki 'yarki: wata makitsiya a Aboabo mai aiki a baranda, da wani salun a Adum mai ƙofar gilas da esi, inda ake rilaksa, rini, keratin (ruwan da ake shafa wa gashi don ya miƙe) da gyaran farce. Kin kuma ce yarinyar tana da asma, ko da yake ba ta cika tashi ba. Da 'yata ce, Aboabo zan kai ta, amma da sharaɗi.

Adum ya fi ɗaukar ido, kuma gaskiya za ta fi koyon ayyuka kala-kala a can, kuɗin ma ya fi. Sai dai mai zuwa gyaran kai awa biyu take yi ta tafi, ita kuwa mai koyo tana ciki tun safe har bayan magariba, shekara biyu ko uku. Esi sanyi kawai yake bayarwa, iskar ɗakin yake ta juyawa, ba ya fitar da ita waje. Duk abin da aka buɗe yana nan tare da su: amoniyan rini, asiton na goge farce, feshin gashi, da hodar bilicin. Wannan hodar an daɗe da sanin tana jawo wa masu gyaran gashi asma, har waɗanda ba su taɓa yi ba, balle mai ita tun asali.

Keratin ne ya fi tayar mini da hankali. Da yawa daga cikin ruwan nan suna ɗauke da fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi a mutuware, ko wani abin da ke komawa fomalin idan ya ji wuta. Ana shafawa, a busar, sannan a bi gashin da ƙarfe mai zafin da ya haura digiri 200. Farin tururi yana tashi daga bakin ƙarfen kai tsaye zuwa fuskar mai riƙe da shi, ido ya kawo ruwa, maƙogwaro ya riƙa ƙaiƙayi, 'yan mata su ce ai an saba. Tun 2004 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomalin cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. A 2011 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi, bayan ta auna shi a iskar shagunan da ke amfani da kwalaben da aka rubuta musu babu fomalin. Don haka rubutun jikin kwalba kada ya kwantar miki da hankali.

Rilaksa kuma ta fi cin fata fiye da huhu. Mai ƙarfin cikinta sodar da ake haɗa sabulu ce, kuma sabuwar yarinya ake turawa wankin kai, galibi da hannu tsirara. Wani bincike a Amurka a 2022, kan mata fiye da 33,000, ya gano masu miƙar da gashi da sinadari sama da sau huɗu a shekara sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen kamuwa da kansar mahaifa. Kan masu shafawa a kansu aka yi shi, amma ki tuna hannu nawa take ratsawa kafin ta kai kan.

A Aboabo babbar ribar ita ce iska tana wucewa. Ciwon makitsiya na baya ne da wuya da yatsu, sai ƙurar hunturu da hayaƙin motoci idan barandar na bakin titi. Amma kada a ce kitso ba shi da sinadari. Atach, wato gashin da ake ƙarawa a kitso, roba ce. Idan an gama, ko a tsoma jelar cikin tafasasshen ruwa, ko a bi ta da kyandir ko laita har ta narke ta dunƙule, a murza da yatsa, warin ƙonanniyar leda ya cika wurin. A 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada atach iri 10, ta samu sinadarai masu alaƙa da kansa a dukkansu, dalma a 9, kuma duk sun fitar da tururin sinadari da aka dafa su. Sharaɗina ke nan: yarinyar ba za ta yi ƙuna ba, tsomawa kuma a yi ta a fili, fuska nesa da bokiti, ta wanke hannu kafin cin abinci.

Idan zuciyarta ta kafe sai Adum, ki zauna da Madam mai salun tun kafin a biya kuɗin koyo. A cire ta daga keratin da kwaɓa bilicin, a ba ta safar hannu, kayan su zama masu rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, kuma a sa fanka mai zuƙe iska zuwa waje, don ta rufi kaɗa warin kawai take yi. Takunkumin takarda irin na zamanin korona yana rage ƙura, ba ya tare tururi, kada a rufe miki baki da shi.

Kafin ki yanke, ku je kowane shagon ranar Asabar da rana, lokacin cunkoso, da maganin shaƙarta a jaka. Ku zauna rabin awa, ki saurari numfashinta, ki dubi hannun babbar mai koyo, ki tambaye ta a gefe ko tana tari da dare.