Bindigar gam ɗin da ta kunyata mini zaki

Ni ba tela ba ne, sha'awa ce kawai. Tun muna yara lokacin tashe ni ke haɗa wa abokaina kan dabba da kwali da tsumma, har yau kuma ban daina ba. To bana ɗan yayata ya matsa mini in yi wa rukuninsu kayan zaki don gasar wasannin makarantarsu, shi ne na sayi ƙaramar bindigar gam mai wat 20, wadda ke cin siririyar sandar gam mai kaurin milimita 7, a hannun wani mai tallar kaya a WhatsApp.  Na tambaye shi ko tana riƙe soso, ya ce, "Yallaɓai, har ƙarfe."

Mako uku na yi a kan kan zakin nan, da daddare, in an kawo wuta. Tsohuwar hular kwano na sa a ciki, na lulluɓe ta da soson kujera mai kaurin inci 2, na sassaƙa kumatu da hanci da reza. Yadin mai gashi daga Kantin Kwari, geza kuwa zaren rama ne na rina. A cikin baki na sa baƙar raga, ta nan mai sawa zai riƙa gani. Komai da bindigar na manna. Gaskiya a ɗaki ta burge ni, ka ɗiga ka danne, kafin ka ƙirga talatin ya kama.

Ranar wasa, ƙarshen Maris, na sa kan a but ɗin mota da ƙarfe 9 na safe. Fitowar zaki sai wajen ƙarfe 1. Motar kuwa a tsakiyar fili, babu inuwa, ranar Kano tana dukanta awa 4. Da na buɗe but, innalillahi! Kunne ɗaya ya zame ya koma wuya, hanci ya sauko ya rufe ragar, rabin geza ya manne da tayar safaya. Gam ɗin ya yi laushi yana jan zare kamar cingam. Yaron nan ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Kawu, wannan ne zakin?" Har yanzu in na tuna muryarsa sai raina ya ɓaci. Allah ya taimake mu akwai mai gyaran takalmi a bakin ƙofar makarantar, shi ya ɗauki basilla da zare ya ɗinke kunne da hanci a gaggauce. Zakin ya fita fili dai, amma kamar wanda ya kwana yana mura.

Da na huce na ga har da laifina. Sandar nan roba ce da zafi ke narkarwa, abin da zafi ya narkar kuwa zafi zai sake sassauta shi. Mai takalmin ma ya ce mini, "Malam, soso ai gam ɗinmu yake so." Shi ne wanda ake shafa wa gefe biyu, a bari ya sha iska sannan a haɗa. Na gwada, bai ko motsa a rana ba, sai dai warinsa ya sa na shanya kan kwana uku kafin kowa ya sa. Amma a ƙananan abubuwa, gashin baki da gira da haƙora, bindigar ba ta da laifi.

Kai, ina! Tana da shi. Wayarta gajeriya ce, sai da na riƙa durƙusawa gindin soket. Ko ba ka taɓa ta ba tana zubar da gam, ta ɓata wa maman yara darduma, ga tabon ƙuna a babban yatsana. Sanduna fiye da 40 ta cinye, kunamarta kuma ta fara sarƙewa tun mako na biyu. Na tura wa mai kayan hoton zakin, ya yi kwana biyu bai amsa ba, sannan ya ce ai babbar ya kamata in saya, mai wat 100, yana da ita in ina so.