Man kwakwa na kanti: abin da na gani bayan wata biyu ina girki da shi a Yamai

A farkon bazara na sayi kwalba ɗaya ta man kwakwa mai rabin lita a wani kanti da ke unguwar Filato, a kan jika huɗu da rabi, kuɗin da zai sayo mini man gyaɗa mai yawan gaske a kasuwar Wadata. An rubuta a jikin kwalbar cewa daga Kuddibuwa aka kawo shi, kuma ba a dafa kwakwar ba kafin a matse ta. Yarinyar da ke tsaron kantin ta ce mini: "Hajiya, wannan man yana narkar da teɓa, yana kuma wanke jijiyoyin jini."

A cikin sanyin kantin man a daskare yake, fari fat kamar man kaɗanya, amma kafin in isa gida ya narke ya koma garau kamar ruwa, har na yi zaton algus aka yi masa. Ashe halinsa ke nan, domin yana narkewa da zarar zafi ya kai digiri 24, kuma a bazarar Yamai ko da asuba ba a cika samun ƙasa da haka ba.

Wajen ɗanɗano ba ni da ƙorafi. Ya yi daɗi a shinkafa da wake, kuma masar da na toya da shi ta yi ƙamshi har maƙwabta suka tambaya. A kan kopto (kwaɗon zogale) kuwa ƙamshinsa ya danne na ƙuli-ƙuli, yara suka ƙi ci. Bai kuma dace da suyar ƙosai ba, saboda yana saurin hayaƙi idan wuta ta yi ƙarfi.

Inda na rabu da maganar yarinyar kantin shi ne batun lafiya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na man kwakwa kitse ne irin mai daskarewa, alhali a manja wajen rabi ne, a man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 ba. Wannan kitsen shi ke ɗaga kolestarol marar kyau a cikin jini, wanda yake taruwa a jijiyoyi har ya kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Gaskiya ne man yana ɗaga kolestarol mai kyau shi ma, kuma da wannan masu talla suke kafa hujja, sai dai Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta duba binciken da aka yi, ta ba da shawara a shekarar 2017 cewa kada a riƙe shi a matsayin man girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana son kitse mai daskarewa ya tsaya ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke bai wa mutum a yini. Zancen rage teɓa kuma ba shi da madafa, tunda cokalin cin abinci guda yana ɗauke da kalori kusan 120, daidai da na kowane mai.

Maigidana yana fama da hawan jini, saboda haka na mayar da tukunyar yau da kullum ga man gyaɗa. Sauran kwalbar na ajiye ta don masar ranar Juma'a, ƴata kuma tana ɗiba tana shafa wa gashinta kafin kitso.