Ƙwan LED, ƙwai mai caji da tocila: abin da mitar gidana ta nuna bayan na sauya fitilu

A farkon watan Afrilun 2024 ne hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka ce za a riƙa ba su aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Daga baya an ɗan sassauta, farashin ya tsaya a naira 209.5. Unguwarmu a Kano tana cikin wannan rukuni, kuma tun daga lokacin katin da a da yake kai mu ƙarshen wata ya koma ƙarewa tun wata bai raba ba. Wannan ne ya sa na ɗauki takarda na zagaya gidan ɗaki-ɗaki ina rubuta duk abin da ke jan wuta, sannan na yanke shawarar fara gyara daga fitilu, domin su ne abin da aljihuna zai iya sauyawa a rana ɗaya. Kaya iri uku na saya: ƙwayayen LED na yau da kullum, ƙwayaye masu caji waɗanda ke ci gaba da haske idan an ɗauke wuta, da kuma tociloli biyu. Na yi amfani da su fiye da shekara guda, kuma abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na gani a kansu.

A Kasuwar Sabon Gari na yi sayayyar, a wani shago na kayan lantarki da ke da allon gwaji a bakin ƙofa, inda ake ɗaura kowane ƙwai a kunna shi a gaban mai saye. Mai shagon ya yi mini abu guda da ya sa nake komawa wurinsa har yau. Da na nuna wasu ƙwayaye masu araha da aka rubuta wat 18 a kwalinsu, sai ya ɗauko ɗaya ya kunna shi kusa da wani mai wat 9 da ya fi shi tsada, ya ce in duba da idona. Mai wat 9 ɗin ya fi haske ƙarara. Sannan ya ɗora mini su biyun a tafin hannu, na ji mai arahar sakayau kamar ɓawon ƙwai, ɗayan kuwa yana da ɗan nauyi, saboda ƙarfen alminiyon da ke cikinsa wanda ke janye zafi daga ƙwayoyin hasken. Duk da haka rowa ta ja ni na haɗa da masu arahar guda uku, kuma zan dawo kan labarinsu.

Lissafin ƙwan LED ba shi da wuya, kowa zai iya yin sa da biro. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Tsohon ƙwai mai jan haske, irin mai siririn zare a ciki, wanda ke cin wat 60, idan ya yi awa shida a kunne kowace rana zai cinye yunit 10.8 a wata, wato kusan naira 2,260 a farashin rukunin A, ban da harajin kashi 7.5 da ake ɗorawa. Ƙwan LED mai wat 9, wanda ke ba da haske daidai da nasa, yunit 1.62 kawai zai ci a wannan lokacin, kusan naira 340. Bambancin ya haura naira 1,900 a wata a kan ƙwai ɗaya tak, kuma irin waɗannan tsofaffin ƙwayaye guda biyar na tarar a gidana. Dalilin wannan tazara shi ne tsohon ƙwan yana mayar da mafi yawan wutar da yake sha zafi ne, haske kaɗan yake fitarwa, shi ya sa ba a iya taɓa shi da hannu idan ya jima a kunne, kuma shi ya sa masu kiwon kaji suke rataya shi a kan 'yan tsaki don ɗumi.

Inda na fi cin riba shi ne fitilar ƙofar gida, wadda ban taɓa kawo ta a lissafi ba. Ƙwai ne mai wat 100 da ake kunnawa da magariba, ba a kashe shi sai gari ya waye, wato kusan awa 12. Wannan yunit 36 ne a wata, sama da naira 7,500, a kan fitilar da babu mai zama a ƙarƙashinta sai ƙwari da kyanwar maƙwabta. Na sauya shi da LED mai wat 15, wanda ke cin yunit 5.4, kuma ƙofar ba ta rasa haskenta ba. Da zan ba wani shawarar inda zai fara, zan ce ya nemi fitilar da ta fi daɗewa a kunne a gidansa, ko da kuwa ba ita ce ta falo ba.

Akwai kuma ƙwayaye uku irin masu lanƙwasasshen gilashi da aka fi sani da eneji, waɗanda suka yi tashe kafin LED ya yi araha. Su ban yi gaggawar cire su ba, domin abin da suke ci bai wuce wat 15 zuwa 20 ba, kuma ribar sauya su ƙarama ce. Na bari sai da kowanne ya mutu don kansa. Abin kula game da su shi ne akwai ɗan sinadarin makuri mai guba a cikin gilashin, don haka ba abin da za a bar yara su fasa a bola ba ne.

Masu arahar nan uku kuwa, babu wanda ya ga ƙarshen wata na huɗu. Na farko ya fara ƙyafta ido kamar mai jin barci, na biyu ya dusashe har sai an matso da littafi kusa da shi, na uku ya mutu dare ɗaya da aka kawo wuta da ƙarfi. Masu nauyin guda shida har yanzu biyar suna aiki. Abin da na koya shi ne lambar wat da ke jikin kwali tana nuna wutar da ƙwan ke sha ne kawai, ita ma idan an faɗi gaskiya. Ma'aunin haske shi ne lumen, wanda ake taƙaita shi da haruffan lm, kuma ƙwai mai kyau na wat 9 yana ba da wajen lumen 800. Ya kamata a duba ko an rubuta cewa ƙwan yana aiki daga bolt 85 zuwa 265, domin irinsa ba ya damuwa idan wuta ta zo rabi-rabi, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Akwai wata dabara kuma da mai gyaran wutarmu ya nuna mini: a buɗe kyamarar waya a saita ta kan ƙwan yana kunne, idan aka ga layuka baƙaƙe suna gudu a fuskar wayar, to haskensa yana rawa ko da ido bai kama ba, kuma kayan cikinsa na ƙarshen araha ne.

Batun launi ya jawo 'yar muhawara a gida. Kusan duk abin da ke kasuwa farin haske ne tas, mai lamba 6500K, wanda ya dace da kicin da tsakar gida da wurin karatun yara. A ɗakin kwana kuwa uwargida ta ce ya mayar mata da ɗaki tamkar ɗakin allura a asibiti, kuma da na zauna na duba sai na ga tana da gaskiya. Na koma na nemo mai lamba 3000K, mai ɗan ja-ja irin na tsohon ƙwai, wanda sai da na shiga shaguna da dama kafin na samu. Wutar da suke ci ɗaya ce. A kuma tuna da duba irin gindin da ke gida kafin a fita, mai murɗawa ne ko mai 'yan kunnuwa biyu, don na taɓa dawowa kasuwa saboda wannan kaɗai.

Ƙwai mai caji shi ne kayan da ya fi burge ni a makon farko, shi ne kuma wanda nake da ƙorafi a kansa yanzu. Kamanninsa kamar sauran ne, sai dai ya fi su ƙiba, saboda akwai batir a cikinsa. Idan da wuta yana haske yana caji, idan aka ɗauke kuma sai ya ci gaba da haske da batirinsa, muddin makunnin bango yana kunne. Yana zuwa da wani ɗan murfi mai ƙugiya, wanda idan aka ɗaura masa sai a rataye shi a igiyar shanya ko a ƙusa. Yara sun gano cewa idan suka jiƙa yatsa suka taɓa gindinsa yana kamawa, suka mayar da shi abin wasa har sai da na tsawata. A ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka shafe kwanaki cikin duhu, na riƙa kai su wurin masu cajin waya da rana a ɗaura su a wuta, da dare kuma su ba mu hasken cin abinci da na sallar isha'i ba tare da na tayar da janareta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk daren da janareta bai tashi ba riba ce da ake gani a aljihu.

Amma raunin wannan ƙwai yana cikin ƙirarsa. An cusa batir a wuri ɗaya da abin da ke fitar da zafi, an rufe su da roba, alhali batirin litiyom ba abin da ya ƙi kamar zafi. Ga shi kuma an rataye shi a kusa da rufi, a garin da zafin bazara yake kaiwa digiri 40. Da suna sababbi suna yin kusan awa huɗu, ko da yake hasken yana raguwa bayan awa ta farko. Bayan bazara ɗaya biyu daga cikin huɗun ba sa kaiwa awa guda, sun koma ƙwayaye na yau da kullum da na saya da tsada. Akwai wata matsala kuma da babu wanda ya gaya mini. A falo makunni ɗaya ne ke kunna fitilu biyu, kuma da na ɗaura mai caji a ɗaya na bar wani iri a ɗayar, sai ya ƙi mutuwa ko an kashe makunnin, ya yi ta ci har batirin ya ƙare. Mai gyara ya bayyana mini cewa ƙwan yana gane an kunna shi ne idan ya ji wayoyinsa biyu sun haɗu ta wata hanya, kuma ɗayan ƙwan ne yake haɗa su. Tun daga nan ba na sa shi sai a inda makunni ɗaya ke da fitila ɗaya. Ba ya kuma caji idan makunni yana kashe, don haka wanda ke kashe fitilu da rana don tsimi zai iya shiga dare da ƙwai babu caji.

Sai tocila, wadda a kanta ne ra'ayina ya fi sauyawa. Na fara da dokar cewa duk wanda zai shiga banɗaki ko kicin da dare ya ɗauki tocila maimakon ya kunna fitila. Dokar ta yi mako biyu kafin na zauna na yi lissafinta. Ƙwai mai wat 9 idan ya yi minti goma a kunne, abin da ya ci bai kai kobo 50 ba. Wato na sa yara suna laluben takalmi a duhu, a gidan da ake ganin kunama idan zafi ya yi, a kan kuɗin da ko alawa ba zai saya ba. Da tsofaffin ƙwayayen ne da dokar tana da ɗan ma'ana, amma bayan an koma LED tocila ba ta rage wa mita wani abin kirki. Na janye dokar ba tare da wani ya roƙe ni ba.

Wannan bai sa na raina tocilolin ba, wurin aikinsu ne na gane. Amfaninsu yana lokacin da babu wuta, da hanyar masallaci da asuba, da duba mita ko tankin ruwa. Babbar da na saya, mai hannu kamar na buta, tana da batir mai nauyi irin na dalma, kuma ta lalace ne saboda an bar ta ta ƙare ƙaf aka manta da ita makonni, abin da irin wannan batir ba ya yafewa. Ƙaramar, wadda ake ɗaurawa a goshi irin ta masu shayi da mahauta, ita ce ta fi kowane kaya da na saya amfani idan aka kwatanta da kuɗinta. Uwargida da ita take girkin sahur idan an ɗauke wuta, hannuwanta biyu a sake. Tana aiki da batiri mai lamba 18650 wanda ake cirewa a sa wani, don haka mutuwar batir ba mutuwar tocila ba ce. Sai dai a yi hattara da batiran da ake rubuta musu lambobi masu ban tsoro kamar 9,900mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa, domin na gaskiya a wannan girman ba ya wuce wajen 3,500, kuma wanda ya fi cika baki shi ne yakan fi sauƙi a hannu.

Duk wannan lissafi ya shafi mai mitar kati ne. Wanda ake kawo wa takardar kuɗi ta ƙiyasi ba zai ga ragin a ƙarshen wata ba ko da ya sauya kowane ƙwai a gidansa, sai dai ya amfana ta wajen janareta ko sola, inda kowane wat yake da daraja. Wanda ke rukunin da kuɗin yunit bai kai na A ba shi ma zai ga ragi, amma zai ɗauki lokaci kafin ƙwan ya mayar da kuɗinsa. A gidana katin ya ƙara kwanaki a fili, amma bai koma yadda yake a da ba, kuma takardar da na rubuta a ranar farko ta nuna dalili: dutsen guga mai wat 1,000 yana cinye a awa ɗaya abin da ƙwan LED mai wat 9 zai yi awa 111 kafin ya ci, ga hitar ruwa a lokacin sanyi, ga fankoki huɗu da ba sa hutawa a bazara. Ƙwayaye masu caji biyun da suka gaji na mayar da su sito da banɗakin waje, kuma a zuwana kasuwa na gaba fitilar tebur mai caji zan saya a madadinsu, irin wadda ake buɗe bayanta da sukurdireba a sauya batir.