Sharhi kan dashen mangwaro da na sayo a wani tsohon lambu a Kano

A farkon daminar bara na tashi daga ƙauyenmu da ke kusa da Ringim zuwa Kano, domin in sayo dashen mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa wa reshen iri mai kyau a ƙaransa, a wani tsohon lambun renon itatuwa da aka daɗe ana yaba mini shi. Gonar da na gada tana gefen fadama, kuma na yi shekaru ina burin in kewaye ta da irin mangwaron nan da ake kira Binta Suga.

Wajibi ne in faɗi cewa shigata lambun ta sanyaya mini rai. Wani dattijo daga cikin masu kula da wurin ya zagaya da ni ba tare da na roƙe shi ba, ya nuna mini ɗorawa da kaɗanya da ɗinya da marke da maɗaci, itatuwan da na taso ina gani a dajinmu kafin masu gawayi su gama da su. Ya ce da ni, "Malam, wannan darbejiyar da kuke sha wa inuwa a ƙofar gida baƙuwa ce." Daga bakinsa na ji cewa asalinta daga Indiya take, kuma a Borno aka fara shuka ta a Najeriya a 1928, cewa itacen turare daga Ostareliya ya zo, har shi mangwaron ma ɗan yankin Indiya ne. Ya bayyana mini cewa irin waɗannan lambuna sun faro ne a matsayin wuraren gwada baƙin tsirrai, kamar wanda Turawan mulki suka buɗe a Legas a 1887, amma a yau babban aikinsu ya koma adana namu na gida da ke ɓacewa. Da a nan tafiyata ta tsaya, da babu abin da zan rubuta sai yabo.

Ɓangaren sayarwa kuwa wasu samari ne ke riƙe da shi. Na biya kuɗin dashe 24, suka loda mini su cikin gaggawa, kowanne da leda ɗaure a ƙaransa alamar an yi masa aure. Na dasa su, na kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, ni da yarana muka riƙa ba su ruwa duk ranar da sama ta yi fashi. Bayan mako shida na ɗauki reza domin in kwance ledar kada ta shaƙe ƙaran. Na farko da na biyu na ga tabon haɗi ya warke sarai. Da na kwance na uku sai na tarar da ƙara sumul, babu yanka, babu tabo, leda kawai aka naɗa masa. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, jikina yana sanyi, har na ƙirga guda tara haka.

Duk mai lambu ya san girman wannan asara. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin kimanin shekara uku, shi kuwa na ƙwallo sai ya kai biyar ko fiye, kuma ba mamaki ya haifi ƙanana masu zare waɗanda ba su da daraja a kasuwa.

Na sake biyan kuɗin mota na koma. Aka ce wanda ya sayar mini ba ya nan, aka nemi rasit alhali su ne ba su ba ni ba. A wannan zuwan ne idona ya buɗe na lura da abin da sha'awa ta rufe mini a karon farko: allunan sunayen itatuwa sun yi tsatsa ba sa karantuwa, famfo a bushe, ledoji a warwatse a gindin tsamiyar da ta girmi kakana. Dattijon nan ne kaɗai ya nuna damuwa. Na ce, "Baba, ba laifinka ba ne," amma ya dage ya ba ni dashen ɗorawa uku da ya rena da hannunsa, kuma duka ukun sun kama.

Wanda ke son ya kai ɗalibai su ga itatuwanmu na asali, ya je, ya nemi tsofaffin ma'aikatan. Wanda zai sayi dashe kuwa, ya sa a kwance masa ledar a gabansa, ya ga tabon da idonsa, ya karɓi rasit kafin ya miƙa kuɗi. Guda taran nan ban tumɓuke su ba, na yi magana da wani mai lambu a Ringim zai zo ya yi musu aure a inda suke.