Rumfar gyaran wilin mashin a Sakkwato: yadda aka raba ni da karkarwar gaba

Mashin ɗina Bajaj Boxer ne, kuma aikina yana sa ni bin hanyar Kware zuwa Gwadabawa sau biyu a mako. Tun da na sa sabuwar taya a gaba na lura cewa da zarar allura ta haura kilomita 70 a awa, sai kan mashin ya kama karkarwa har yatsuna su mutu, madubi kuma ya daina nuna komai sai inuwa. A cikin gari, tsakanin Mabera da Babbar Kasuwa, ba na jin komai. Mai facin da ya sa tayar ya ce iska ce ta yi yawa, ya rage ta, amma ba ta canza zani ba. Wani bakanike ya ɗora laifin a kan shokozoba. Daga baya wani ɗan kabu-kabu ya kwatanta mini rumfar wani dattijo da ke wani lungu daura da Titin Sarki Yahaya, wanda ba ya wani aiki sai na wili.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya tambaye ni a wane gudu karkarwar take farawa, da kuma ko na faɗa rami kwanan nan. Ya ɗaga gaban mashin, ya girgiza wilin hagu da dama domin ya ji ko boris ya ci, ya tarar lafiyarsa ƙalau, sannan ya cire wilin ya ɗora shi a kan wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ya ƙera da kansa. Ya kafa ɗan guntun waya dab da bakin rim, ya juya wilin a hankali, ni ma da idona na ga wurin da rim yake matsowa ya goge wayar, ya sake ja da baya. Littattafan masu ƙera babura galibi suna sa milimita 2 a matsayin iyakar karkacewar da za a lamunta, nawa kuwa ya wuce haka. Ya bi wayoyin wilin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da sifana, wadda ta ɗaure tana ƙara siririya, wadda ta saki kuma tana amsawa kamar fasasshiyar ƙwarya. Ya riƙa ɗaure na wannan gefe yana sassauta na wancan, rubu'in juyi kawai a kowane lokaci, har rim ya miƙe. Wannan aiki shi ya ci mafi yawan lokacin, kuma a ganina nan gwanintarsa take, domin duk dalmar da za a liƙa wa karkataccen wili don daidaita nauyinsa asara ce kawai.

Sai da ya gama wannan ya koma kan tayar. Ya nuna mini wani ɗigon fenti rawaya a gefenta, wanda masu ƙera taya suke sawa a wurin da ya fi rashin nauyi domin a daidaita shi da bawul, inda wili yakan fi nauyi. Wanda ya sa mini tayar ya bar ɗigon can nesa da bawul ɗin. Dattijon ya sace iskar, ya murɗa tayar ta koma wurinta, ya duba cewa kibiyar da ke jikinta tana kallon inda wilin yake juyawa, ya mayar da iska. Daga nan ya sake ɗora wilin ya sake shi, sai ya yi lilo ya tsaya. Ya sa alli a sama, ya sake juyawa har sau uku, kowane lokaci allin yana komawa sama, alamar cewa ɓangaren da ya fi nauyi shi ne yake sauka ƙasa. Ya maƙala dalma a wayar da ke wurin allin, ya gwada, ya rage kaɗan, har ya zamana duk inda aka tsayar da wilin nan yake tsayawa. Dalilin da ya sa ɗan wannan bambanci na giram 15 ko 20 ba ya damun mai yawo cikin gari shi ne, ƙarfin fizgarsa yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu.

Rumfar tana da nata aibi. Ba ta da injin da ke auna wili yana gudu, saboda haka mai babban mashin mai faffaɗar taya gara ya nemi wani wuri. Dalmar liƙawa mai giram 5 da 10, wadda ake sa wa wilin alminiyam marar waya, ta ƙare masa a ranar, har wani mai Haojue ya koma bai sami biyan buƙata ba. Wurin zama benci ɗaya ne, inuwar kuma ba ta kai azahar, wanda a zafin Sakkwato na watan Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, ba ƙaramin abu ba ne. Ba ya kuma yarda a gaggauta shi, na shafe fiye da awa ɗaya da rabi a wurin. Kuɗin aikin bai kai rubu'in na sabuwar taya ba, bai kuma nemi ya sayar mini da abin da ban buƙata ba.

Wanda mashin ɗinsa bai wuce kai yara makaranta da cefane ba, ɗaure wayoyin wili da kula da iska sun ishe shi. Mai bin hanyar Illela, Tambuwal ko Gusau kuwa, ina ganin ya dace ya kai wilinsa duk lokacin da ya canza taya. Washegari na gwada nawa a miƙaƙƙen titin bayan Kware har allura ta kai 85, madubi yana nuna motar da ke bayana sarai. Dattijon ya ce in dawo bayan mako biyu ya sake ƙwanƙwasa wayoyin, domin waɗanda aka ɗaure sukan ɗan saki idan sun zauna, kuma da na koma ya tarar da biyu sun saki, ya ɗaure su bai karɓi ko sisi ba.